Marsandi Mai Fiffike da Gingimarin Emene

A watan Fabrairun 1954 kamfanin Daimler-Benz na Jamus ya kai wata ƙaramar mota wurin baje kolin motoci a birnin New York. Mutum biyu kacal take ɗauka, sunanta 300 SL. Abin da ya tara mata 'yan kallo ƙofofinta ne. Maimakon a maƙala su a gefe kamar na kowace mota, a tsakiyar rufi aka maƙala su, in an buɗe sai su tashi sama, ɗaya dama ɗaya hagu. Turawa suka ga sun yi kama da fikafikan tsuntsun bakin teku, sunan kuwa ya bi motar har yau.

Shekara biyu bayan haka, a 1956, Inugu ta samu matsayin birni mai magajin gari, kuma wanda ya fara hawa kujerar shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mutumin ƙasar Sakkwato, wanda fataucin shanu ya kai shi Gabas har ya yi ƙarfi a jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe. A wancan lokacin babu abin da ya haɗa labaran nan biyu. Sai daga baya tauraron nan mai tsini uku da ke goshin motar New York ya zama tambarin da fatake da 'yan tasha na Inugu da Anacha da Fatakwal suka fi sabawa da shi, amma a goshin wata mota daban.

Ƙofar mai tashi sama ba don ado aka fara yin ta ba. A 1951 Mercedes ya yanke shawarar komawa gasar tsere bayan ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu, ga shi kuma aljihu ba nauyi. Injin da ke hannu shi ne na babbar motar nan ta manya, 300, mai silinda 6, inji mai juriya amma mai nauyi. Injiniya Rudolf Uhlenhaut ya ga tun da ba halin ƙara wa injin ƙarfi sosai, to sai a rage wa motar nauyi. Ya ƙera mata ƙashin jiki da siraran bututan ƙarfe da aka yi wa walda kusurwa uku-uku, duka nauyinsu bai wuce kimanin kilo 50 ba. Ƙarfin wannan ƙashi yana gefunan motar ne, inda bututan suka taso sama daidai wurin da ƙofa ya kamata ta zauna. In an yanka su don a buɗe ƙofa, motar ta lalace. Hanya ɗaya ta rage, a shigo ta sama. A motocin farko ma ƙofar ba ta sauko ƙasa da tagogi ba, murfi ne kawai direba ke ɗagawa ya zura jiki. Sai gab da gasar Le Mans aka ƙara mata tsawo zuwa gefen jiki.

Shekarar 1952 ta yi wa motar kyau. Ta zo ta biyu a gasar Mille Miglia ta Italiya, ta kuma cinye na ɗaya da na biyu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda Hermann Lang da Fritz Riess suka zo kan gaba. A watan Nuwamba aka kai ta Meziko gasar Carrera Panamericana, tafiyar sama da kilomita 3,000. Can ne ungulu ta faɗo wa motar Karl Kling suna cikin tsala gudu, ta fasa gilashin gaba, ta ji wa abokin tafiyarsa Hans Klenk rauni a fuska. Ba su janye ba. Aka sa sabon gilashi, aka jera masa sandunan ƙarfe a tsaye don kariya, suka ƙarasa gasar, su ne kuma suka ci.

Wanda ya mai da motar tsere ta zama hajar sayarwa shi ne Max Hoffman, dilan Mercedes a Amurka, wanda ya dage cewa attajiran can za su saye ta. Gaskiyarsa kuwa. Daga 1954 zuwa 1957 an ƙera 1,400, kusan kashi 80 cikin 100 Amurka suka tafi, 29 daga ciki jikinsu na alminiyam ne zalla. A Jamus kuɗinta mak 29,000 ne. Ba ta da kafireto, famfon Bosch ne ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, abin da ya ba ta ƙarfin doki 215 da gudun da kan kai kilomita 260 a awa, gwargwadon giyar da aka haɗa mata.

Masu yabonta ba su cika faɗar wahalarta ba. Shigarta sai ka zauna a kan faffaɗan gefen nan tukuna, ka ɗago ƙafafu ka tsallaka kamar mai tsallake dangarama, shi ya sa aka yi sitiyarin yana lanƙwasowa ƙasa don gwiwa ta samu hanya. Gilashin ƙofa ba ya sauka, sai dai a cire shi ɗungurungum a ajiye, don haka da zafi cikinta gumi ne kawai. Famfon fetur ɗin kan ci gaba da fesawa na ɗan lokaci bayan an kashe inji, fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai, dole a riƙa juye akai-akai. In kuwa ta kife, rufi a ƙasa, to ƙofa ba ta buɗuwa. A 1957 kamfanin da kansa ya sake fasalin ƙashin, ya fitar da mai buɗaɗɗen rufi da ƙofofi irin na kowa, ita ce aka ci gaba da yi har 1963. Akwai kuma 'yar uwarta ta tsere, 300 SLR, wadda aka yi wa guda biyu masu rufi da fiffike a 1955. Ba su taɓa shiga gasa ba, domin a shekarar ce wata 300 SLR mai buɗaɗɗen rufi ta afka cikin 'yan kallo a Le Mans, mutum sama da 80 suka mutu, Mercedes ya bar tsere a ƙarshen shekara. Uhlenhaut ya riƙa hawa ɗaya daga cikinsu zuwa ofis.

A shekarun da ake wannan, zancen sufuri a Gabashin Nijeriya na jirgin ƙasa ne da kwale-kwale da ƙafa. Gawayin kwal da aka gano a tsaunukan Udi a 1909 shi ya sa Turawa suka kafa Fatakwal a matsayin tashar ruwa, suka shimfiɗa dogo ya iso Inugu a 1916, daga baya ya miƙe ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗe da na Arewa. Gadar Makurɗi a kan Binuwai an buɗe ta a 1932. Da wannan dogo ne Hausawa suka ƙaru a garuruwan Gabas: mahauta, dillalan shanu, masu ƙirgi, masu busasshen kifi, malamai. Shanun da ba a koro a ƙafa ba a tarago suke zuwa, Umuahia ta zama babbar kararsu. Anacha ba ta kan dogo, ita ta kogi ce, tun kafin Turawa 'yan Arewa da Nufawa ke gangarowa Kwara da haja zuwa bakin ruwanta. Sunayen titunan da ke kusa da babbar kasuwarta, Bida Road da Sokoto Road, shaida ce ta waɗanda suka zauna wurin. Mota mai zuwa daga Yamma sai ta tsaya Asaba ta jira jirgin fito. Sannan Nijeriya a lokacin hannun hagu take tuƙi irin na Ingila, ita kuwa 300 SL mai fiffike da sitiyari a hagu kaɗai ta fito daga masana'anta, don ƙasashen da ke bin hannun dama.

Marsandin da ta canza rayuwar unguwannin Hausawa na waɗannan garuruwa a 1959 ta fito, shekara biyu bayan an daina mai fiffike: gingimari mai gajeren hanci zagayayye, mai shan gas, wadda samfurinta na 911 ya cika hanyoyin Afirka ta Yamma. Kai da shasi ake shigowa da su, kafintoci su ɗora bodin katako, mai fenti ya zana mata dawisu ko zaki ya rubuta addu'a a goshi. A Disamban 1965 aka gama gadar Anacha, hanya ta buɗe tsakanin Gabas da Yamma. Ba a daɗe ana morarta ba. Kashe-kashen 1966 a Arewa da ramuwar da ta biyo baya a Gabas suka sa unguwannin Hausawa suka watse, mutane suka koma gida a tarago da gingimari, kamar yadda Inyamurai suka kwararo daga Kano da Kaduna da Jos. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka karya wani sashe na gadar. Bayan ƙarewar yaƙin a Janairun 1970 ne fatake suka fara komowa da kaɗan-kaɗan, aka gyara gada, a ranar 2 ga Afrilun 1972 kuma ƙasar ta koma tuƙin hannun dama.

A Turai da Amurka ƙofar mai fiffike ba ta mutu ba, amma dalilinta ya canza. Mercedes ya nuna C111 a 1969, mai ruwan lemo, mai fiffike, attajirai suka yi ta roƙo, kamfanin ya ƙi sayarwa, ta ƙare a motar gwaji. A 1974 wani ɗan kasuwar Amurka, Malcolm Bricklin, ya samu kuɗin gwamnatin lardin New Brunswick a Kanada ya fara ƙera SV-1. Ƙofofinta masu nauyi ne ƙwarai, na'ura ke ɗaga su a hankali, in batir ya yi sanyi mai mota ya shiga uku, ga yoyo in ana ruwa. Kafin ƙarshen 1975 kamfanin ya durƙushe, bai kai ga ƙera 3,000 ba. Babu wani ƙashin bututu da ya tilasta wa Bricklin wannan ƙofa. Ya sa ta ne don a kalla, kuma mafi yawan waɗanda suka biyo bayansa haka ne. A shekarar 1974 ɗin dai Lamborghini ya fara sayar da Countach, wadda mutane kan haɗa da masu fiffike, alhali tata ƙofar a gaba take maƙale, tana tashi ne kamar almakashi.

Nijeriya ita ma a wannan zango ta shiga harkar haɗa motoci da kuɗin fetur. Gwamnatin soja ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, duka suka fara a 1975, sai Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Rabon Gabas shi ne Mercedes. An yi wa kamfanin ANAMMCO rajista a 1977, haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da Daimler-Benz, aka gina masana'antar a Emene kusa da filin jirgin saman Inugu. Shugaba Shehu Shagari ya buɗe ta ranar 8 ga Yulin 1980, ta fara fitar da motoci a Janairun 1981.

A wannan wata na Janairun 1981 ne kuma motar farko ta fito daga wata sabuwar masana'anta a Dunmurry, gefen Belfast a Ailan ta Arewa. Mai ita John DeLorean ne, tsohon babban jami'in General Motors. Gwamnatin Ingila ta zuba masa miliyoyin fam don a samar da aiki a yankin da rikicin Katolika da Furotesta ya ɗaiɗaita. Giorgetto Giugiaro na Italiya ya zana motar, jikinta ƙarfe ne mara tsatsa ba fenti, ƙofofinta fiffike. Injinta kuwa na haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo ne, ƙarfin doki 130, wanda bai kai kurarin da jikin motar ke yi ba. Ta yi tsada, kasuwar Amurka ta faɗi, motoci suka taru ba masu saye. A Fabrairun 1982 kamfanin ya shiga hannun masu bin bashi, a Oktoba aka kama DeLorean a Los Angeles bisa zargin cinikin hodar ibilis. Kotu ta wanke shi a 1984, amma masana'anta ta riga ta rufe bayan motoci kimanin 9,000. Fim ɗin Back to the Future na 1985 ne ya raya sunan motar bayan kamfanin ya mutu.

Masana'antu biyu, kowacce da kuɗin gwamnati a cikinta, sun fara a wata guda. Ta Belfast ba ta cika shekara biyu tana aiki ba. Ta Emene ta yi shekaru tana fitar da gingimari da bas-bas, irin su 1414 da aka riƙa jigilar fasinja da su, da motocin ɗaukar marasa lafiya da na kashe gobara. A ganina bambancin ba na wayon injiniya ba ne, na buƙata ne. Babu wanda abincinsa ya dogara da DeLorean, amma albasar Aliero da wake da tumatirin Kadawa da kifin Baga da shanun Potiskum dole su isa kasuwar Gabas, manja da katako da kayan gyara kuma su hau Arewa.

Wanda ya taɓa tsayawa a 9th Mile, mararrabar da motocin Arewa ke rabuwa, wasu su gangara Inugu wasu su miƙe Anacha, ya san yadda gingimari take aiki. An yi wa bodi rumfa da sanduna, shanu a ƙasa ƙaho ɗaure, masu kula da su a sama da sanda da buta, suna lura kada wata ta kwanta sauran su tattake ta. Direba ya duba ruwa da baƙin mai, ya zagaya yana bubbuga tayoyi. Gangaren da ke gaba ba na wasa ba ne, ko tsohuwar hanyar Milliken mai kwane-kwane ko ta Ugwu Onyeama, don haka da babbar giya ake sauka, ba a dogara da birki kaɗai. In an tsaya a hawa, kafin motar ta gama tsayuwa yaron mota ya diro da guntun katako a hannu yana cewa, "Maigida, a sa waigi?" Ƙofar direba in mariƙinta ya karye, waya ake ɗaurawa a ci gaba da tafiya. Daga nan wasu su sauke a Garki ta Awkunanaw, wasu Ugwuoba ko Amansea a hanyar Awka, wasu su bi hanyar Fatakwal su tsaya Lokpanta. A kowace kara akwai fatoma mai saukar da baƙo, da dillali, da Sarkin Hausawa ko sarkin kara da ake kai wa ƙara in ciniki ya rikice.

Faɗuwar farashin fetur da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 suka karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun haɗa motoci suka fara tangaɗi ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano. Nan Gabas ta samu wani sabon ƙarfi, na kayan gyara: Nkpor da Mgbuka Obosi a gefen Anacha, Nkwo Nnewi, Ikoku a Diobu ta Fatakwal, Coal Camp a Inugu. Bakanike daga Kano ko Gusau in ya rasa wani ƙarfe, saƙo yake bayarwa a motar da ta kai kaya Anacha. Waɗannan kasuwanni su ne ke yanke wa mota hukunci a Nijeriya. Wadda kayanta ke zube a rumfuna za ta yi shekara 40 a hanya, wadda kuwa sai an aika Jamus neman robar ƙofarta, ranar da ta tsaya ta zama ta kallo a gareji. Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, a shekarar ce kuma gwamnati ta sayar da wani ɓangare na hannun jarinta a ANAMMCO.

Mercedes ya dawo da fiffike a SLS AMG, wadda aka nuna a Frankfurt a 2009 aka fara sayarwa a 2010, mai inji silinda 8 da ƙarfin doki 571. Wannan karon don tunawa da 300 SL aka yi ƙofar, kamfanin ma bai ɓoye ba. An dai magance tsohuwar matsalar kifewa: an sa wasu ƙusoshi masu ɗan abin fashewa a maƙalin ƙofa, in motar ta kwanta a kan rufinta sai su tsinke cikin daƙiƙoƙi kaɗan a ture ƙofar. Rufewa da hannu ake yi, gajeren mutum sai ya kamo ƙofar tun kafin ya gama zama. Motar da ta gaje ta a 2014, AMG GT, da ƙofar kowa da kowa ta zo. A shekarar 2010 ɗin ne Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe masana'antar Innoson a Nnewi, ba nisa da Anacha, wadda ta fara da bas-bas da a-kori-kura. Tesla ya fitar da Model X mai lantarki a 2015, ƙofofin bayanta na tashi sama suna lanƙwashewa a tsakiya, da na'urar da ke auna ko akwai abin da za su doka. A watan Mayun 2022 Mercedes ya yi gwanjon ɗaya daga cikin motocin nan biyu na Uhlenhaut a kan Yuro miliyan 135, farashin da ba a taɓa sayen mota da shi ba kafin nan.

A yi wa ƙofar adalci, tana da amfani guda na gaske: ba ta cin wuri a gefe. Ta DeLorean ƙasa da santimita 30 take buƙata ta buɗe, abin da zai yi daɗi a cunkoson Bridge Head ta Anacha ko Owerri Road ta Inugu inda 'yan canji ke zama. Sai dai tana son sarari a sama, kasuwanninmu kuwa rumfunan kwano ne da lema da wayoyin wuta a rataye. Tsagar ƙofar a kan rufi take, daidai inda ruwan sama ke sauka, Fatakwal kuma na cikin garuruwan da suka fi ko'ina ruwa a Nijeriya. Ga motocin a manne da ƙasa, ga ramukan hanyar Inugu zuwa Anacha da ta Inugu zuwa Fatakwal, waɗanda gyaransu ya ci gwamnatoci da yawa. Gada ta biyu ta Anacha da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Mayun 2023 ta rage jiran da ake yi a bakin kogi, amma abin da ya fi yawa a kanta tireloli ne da tankoki da bas-bas.

Duk da haka akwai ƙofa mai maƙale a rufi, mai tashi sama, da ake buɗewa dare da rana a tashoshin Hausawa na garuruwan nan uku. Ita ce ƙofar baya: ta Peugeot 504 doguwa da aka haɗa a Kaduna, sannan ta Hiace da Sienna da suka karɓi hanyar bayanta. Aikinta iri ɗaya ne da na SLS, sanduna biyu masu iska a ciki ne ke tallafe ta. Iskar na ƙarewa da tsufa, ƙofar ta fara faɗo wa masu lodi a ka, sai ɗan kamasho ya samo sanda ya tokare ta har a gama jera buhuna da jarkokin manja. In kaya sun yi yawa ba a rufe ta ma, saukowa ake yi da ita a kan lodin a ɗaure da igiya zuwa bamba. Sandunan sababbi da na hannu duk ana samunsu a Nkpor da Ikoku, kuma ba ya ɗaukar bakanike minti 10 ya canza su.